Ko Takaba Tana da Wa'adi

Gabatarwa

Matar da mijinta ya rasu, shari'a ta yanka mata wata huɗu da kwana goma. A cikinsu za ta ajiye ado, ta zauna ɗakinta, ta karɓi gaisuwa. Ranar da suka cika kuwa sai ta yi wanka, ta fito ta fuskanci duniya. Addinin da ya san zafin rashi bai yarda baƙin ciki ya zama mazaunin dindindin ba. To, mu tsofaffin ɗaliban makarantun 'yan mata na kwana da aka rufe a Jihar Zamfara, tun 2021 muke cikin wata irin takaba wadda babu wanda ya yanka mata rana. Abin takaicin ma shi ne, wadda muke yi wa takabar ba ta mutu ba. Kulle ta aka yi.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, 'yan ajinmu suka yi taron shekara a wani ɗakin taro a Gusau. Mun kai mu sittin, kowa cikin anko, an ci an sha, an tuna gabza da garin kwaki da bulalar makara. Can sai wata ta kunna mana bidiyon makarantarmu wanda ƙanenta ya ɗauko da waya ta saman katanga. Ciyawa ta haɗiye filin taron safe, iska ta yaye rabin rufin ɗakin cin abinci, awaki na kwance a barandar ajinmu. Ɗaki ya ɗauki "Allah sarki", wasu suka fara share hawaye da gefen mayafi. Malamarmu ta Hausa, wadda ta daɗe da yin ritaya, muka gayyato ta a matsayin uwar taro, ta bari muka gama, sannan ta ce: "Ɗiyana, kuka kunka kira ni in taya ku? In kuka na, na riga ku farawa. Ni dai ku hwaɗa mani, cikinku akwai wadda tat taɓa zuwa ta tambayi ranar buɗe ta?"

Babu wadda ta amsa, har da ni. Wannan rubutu amsar da na kasa ba ta ce a ranar. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: rufe makaranta ba tare da wa'adi ba miƙa wuya ne ga 'yan bindiga, kuma shirun da mu 'ya'yanta muka yi, muka sa masa suna haƙuri, shi ne ke mayar da kullen kwana kaɗan ya zama kabari.

Yadda Aka Kulle Ƙofa

A daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, suka kora ɗalibai cikin daji. Ranar 2 ga Maris aka dawo da 279. Abin ya zo ne bayan na Ƙanƙara a Disambar 2020 da na Kagara a cikin Fabrairun nan dai, ga kuma tabon Chibok na 2014 da na Dapchi na 2018 bai warke ba. Nan take Gwamna Bello Matawalle ya ba da umarnin rufe duk makarantun kwana na jihar. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka sake kwashe ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, a Maradun, sai aka rufe makarantun firamare da na sakandare gaba ɗaya. A kwanakin ne kuma aka katse layukan waya, aka dakatar da cin kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka.

Daga baya aka riƙa buɗe makarantu kashi-kashi. Na cikin manyan garuruwa suka koma aiki. Wasu na kwana aka mayar da su jeka-ka-dawo, wasu aka kwashe ragowar ɗalibansu aka raɓa su a azuzuwan aro, wasu kuwa har yanzu kwaɗo ne a ƙofarsu. Tamu tana cikin waɗanda suka bar mazauninsu: sunanta yana nan a takarda, 'yan ɗaliban da suka iya biyo ta Gusau suna amsa shi, amma gininta na hannun awaki.

Abin da Aka Kulle Tare da Ƙofar

Wanda ya girma a Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau, makaranta tana bayan gidansu, zai yi wuya ya gane abin da makarantar kwana take nufi ga yarinyar ƙauyen Tsafe ko na Bungudu. Babban abin da take ba ta shi ne lokaci. A gida, yarinya 'yar shekara goma sha uku ita ce mai ɗebo ruwa, mai surfe, mai raino, mai ɗaukar talla. In dare ya yi ba wuta, ba tebur, ba mai tambayar ta abin da aka koya mata. A makarantar kwana kuwa akwai awa biyu na karatun dare da babu mai aiken ta ko'ina. Wannan awa biyun, in aka tara shi shekara shida, shi ne bambancin wadda ta ci jarabawa da wadda ta faɗi.

A can ne na fara riƙe littafin da ba don jarabawa ba. A ɗan ɗakin karatunmu na karanta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, a can kuma na ci karo da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, aka ce mini marubuciyar a nan Gusau ta yi zaman aure. Ranar na san cewa mace irina tana iya rubuta littafi. A ƙungiyar muhawara na koyi tsayawa gaban jama'a in faɗi hujjata ba tare da gwiwata ta yi rawa ba. A ɗakin kwana na kwanta gado kusa da gado da Bafulatana, muka sha fura a ƙwarya ɗaya ranar ziyara, shekaru kafin a fara koya wa yara cewa Bahaushe da Bafulatani abokan gaba ne. Jihar da rikicinta ya ɗauki launin ƙabila ba ta da wurin sulhu da ya wuce ɗakin da 'ya'yan ɓangarorin biyu ke kwana tare, kuma shi aka fara kullewa.

Sannan akwai abin da ba a gani sai bayan shekaru. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, duk daga sakandare suke samun ɗalibai. In rijiya ta ƙafe, randa ba ta daɗewa. Mu ne al'ummar da magidanci ke cewa namiji ba zai duba matarsa ba, mu ne kuma muke toshe hanyar da ake samun ungozoma da malamar asibiti. Yarinyar da ta bar aji a 2021, ita ce ungozomar da ba za a samu ba a asibitin ƙauyensu nan da 'yan shekaru, ranar da naƙuda ta zo wa wata da gardama.

Ba a littafi na karanta wannan ba. 'Yar ƙanwar mahaifiyata tana aji uku a makarantarmu lokacin da aka rufe. Ni na raka ta ranar farko, ni na rubuta sunanta da farin fenti a kan akwatinta na ƙarfe. Burinta ungozoma. Ta koma ƙauyensu a ƙasar Bungudu da niyyar mako biyu. Da aka ce ɗalibai su biyo makarantar Gusau, mahaifinta ba shi da gidan da zai ajiye ta a birni, ba shi kuma da kuɗin motar kullum. Ya jira shekara guda, sannan ya yi abin da yake ganin shi ne sutura, ya aurar da ita. Ban ga laifinsa ba, kuma aure ba abin kunya ba ne. Amma da na je barka na tarar da akwatin nan a ƙuryar ɗakinta cike da kayan jariri, sunanta da lambar ajinta suna nan da rubutun hannuna. Ta ga ina kallon sa, ta ce, "Yaya, an buɗe?" Ita ma tambayar ke nan.

Ga Masu Cewa Rai Ya Fi Ilimi

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa: rai ya fi karatu, kuma wanda bai taɓa kwana ɗiyarsa tana daji ba, ba shi da bakin magana. Gaskiya ne. Da ni ce gwamna a safiyar Jangebe, da ni ma na ba da umarnin a kwashe yara. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa lissafin kwano. Ƙorafina yana kan abin da ya biyo baya. Mai gidan da ya fitar da iyalinsa daga gobara ya yi daidai. In kuwa shekara uku ta wuce suna kwana a titi, bai kashe wutar ba, bai gaya musu ranar komawa ba, to ya daina zama mai ceto.

Kuma mu duba ko kullen ya sayo tsaron da aka yi alkawari. Makarantar Kaya ta jeka-ka-dawo ce, da rana tsaka aka shige ta. A watan Afrilun 2022, ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe da aka sace, a gidan hayarsu na cikin gari aka same su. Ranar 22 ga Satumbar 2023, ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau, a gidajen haya na Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, aka kwashe su, wasunsu sai da suka shafe kusan wata bakwai a hannu. Ita kuwa wadda aka mayar ƙauye, an mayar da ita inda ake ɗora wa gari haraji kafin a bar shi ya yi noma, inda ake ɗaukar mata a hanyar rafi ba tare da labarin ya kai gidan rediyo ba. An gudu ba a tsira ba. Abin da kullen ya rage shi ne satar da ke jawo hankalin duniya. Yarinyar tana nan cikin haɗari, sai dai yanzu ba ta cikin rajistar kowa.

Ga wata tambaya. Kafin 2021 ta ƙare an fara buɗe kasuwanni, an dawo da layukan waya. A 2023 an yi zaɓe, an sami jami'an tsaron da suka raka akwatunan ƙuri'a. Duk abin da manya ke da buƙata a cikinsa an nemo masa dabara. Me ya sa dabara take ƙarewa idan aka zo kan ɗakin kwanan 'yan mata? Sashe na 14 na tsarin mulkin ƙasa ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne maƙasudin kafa gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas. An ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja tun 2014, bayan Chibok. A Oktobar 2021, daidai lokacin da azuzuwan Zamfara ke kulle, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan tsaron makarantu. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin kashe fiye da naira biliyan 144 a kan wannan aiki daga 2023 zuwa 2026. Takardu ba su yi ƙaranci ba. Haƙƙinmu ne mu tambayi nawa ne daga ciki ya zama katanga da fitila da mai gadi a ƙasar Tsafe. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwambar 2023, an kuma ga gyaran makarantu, wannan abin yabo ne. Sai dai ma'aunin nasarar shirin shi ne 'yar ƙauyen da ba ta da gidan sauka a birni, ko ta koma aji ko ba ta koma ba.

Wannan muhawara ma ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. A cikin tafiye-tafiyen nan ne wani malami, Mustafa Goni, ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani, kamar yadda ya kawo a Tazyinul Waraƙat, da hujjar cewa in ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar mai sauƙi, kuma barin mata cikin jahilci ya fi muni. Malaman nan sun yarda akwai matsala, suka gyara tsarin zama, suka ci gaba da karantarwa. Wanda kuma ke ganin cibiyar ilimi ba ta mutuwa, ya je 'Yandoto a ƙasar Tsafe. Gari ne da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, har yau sarautar Tsafe sunansa take amsawa. Da malamansa suka watse a rikicin wancan zamani, martabar ba ta dawo ba. A Yulin 2022 da sunan 'Yandoto ya cika kafafen labarai, naɗin sarautar da aka yi wa Ado Aleru ne dalili, mutumin da hukuma ke nema ruwa a jallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Laifinmu, Mu 'Ya'yanta

Yanzu bari in juyo gida, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya ku 'yan'uwana, me muka yi? Mun buɗe zaure a WhatsApp, muna tura tsofaffin hotuna da alamar hawaye. Muna haɗa kuɗin anko da na ɗakin taro da na mai hoto, muna yi wa juna gudummawar biki da suna. Zumunci ne, kuma yana da lada. Amma a cikinmu akwai lauyoyi da likitoci da 'yan jarida da manyan ma'aikata, akwai matan masu faɗa a ji. Makarantar nan ce ta koya mana rubuta wasiƙar neman haƙƙi, ga shi ba mu rubuta ko ɗaya a kanta ba. Kewarmu ta zama abin jin daɗi, muna tsotsar ta kamar alewa. Mun haye, mun bar tsani ya faɗi, muna waƙar yadda tsanin yake da kyau.

A watan Maris na 2015 hukumar wata kwalejin mata zalla a Amurka, mai suna Sweet Briar, ta sanar da cewa za ta rufe saboda matsin kuɗi. Tsofaffin ɗalibanta ba su tsaya ga kuka ba. Suka kafa ƙungiya, aka shiga kotu, suka tara fiye da dala miliyan 12 cikin 'yan watanni, aka sauya shugabanni, kwalejin ta ci gaba da aiki. Na san bambancin: su rashin kuɗi ne ya tasar musu, mu bindiga ce, kuma ba mu da dalolinsu. Abin koyi a wurinsu ɗaya ne, sun ƙi ɗaukar sanarwar hukuma a matsayin hukuncin Ubangiji. Mu kuwa mun cakuɗa biyun. Ƙaddara gaskiya ce, amma umarnin rufe makaranta mutum ne ya sa masa hannu, mutum ne kuma zai warware shi in an matsa masa.

In kuma misalin Amurka ya yi nisa, ga na gida. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta rayu a zamanin da hanyoyi ba su da aminci, yaƙi bai ƙare ba. Ba ta ce matan ƙauye su jira zaman lafiya ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su karantar a cikin gidaje. Kowace ɗaya daga cikinmu jaji ce da aka riga aka horar, malfar ce kawai muka ƙi ɗauka.

Abin da Ya Rage Mana

Abu na farko shi ne rana. Mu haɗa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na duk makarantun da abin ya shafa, mu je Ma'aikatar Ilimi da kwamitin ilimi na Majalisar Dokokin Jiha, mu nemi a rubuce: wace makaranta ce za ta koma mazauninta, yaushe, kuma wane sharaɗi ake jira ya cika. In an ce wuri bai yi aminci ba, mu yarda, amma a tanadi ɗakin kwana mai tsaro a cikin Gusau ko wani babban gari, da sunan makarantar da malamanta, domin 'yar ƙauye ta sami wurin ajiye akwatinta. Makarantar kwana da aka mayar jeka-ka-dawo a birni ta zama ta 'yan birni.

Na biyu shi ne sunaye. Rajistar 2021 tana nan. Mu karɓe ta, mu raba a tsakaninmu, mu bi yarinya-yarinya mu san ina take. Wadda ke gida a nemo mata gurbi. Wadda ta yi aure a zauna da mijinta cikin mutunci, a nemi ya bar ta ta shiga ajin manya ko ta zauna jarabawar NECO ta masu zaman kansu. Kuɗin ankon shekara ɗaya ya isa ya biya wa da yawa daga cikinsu.

Na uku shi ne ginin kansa. Kangon da ba mai leƙawa, yau a cire taga, gobe a cire kwano, jibi a yanka filin wasa a sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu haɗa kai da sarakuna da iyayen gari a sa ido, a kwashe littattafai da takardun ɗalibai a adana, domin ranar da aka ce a koma, a tarar da abin komawa.

Kammalawa

Ban ce aikin mai sauƙi ne ba, ban kuma ce wasiƙarmu za ta kori ɗan bindiga daga daji ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da bin ta bashinsa. Abin da na ce shi ne, hukuma tana mantawa da abin da ba a tambayar ta, kuma babu wanda ya fi cancantar yin tambayar sai waɗanda suka ci gabzar makarantar suka zama mutane. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In mu ba mu tambaya ba, 'yan bindiga sun sami abin da ko su ba su roƙa ba: jihar da ta kulle 'ya'yanta mata da hannunta, ta kuma manta inda ta ajiye makulli.

Takabarmu ta wuce wa'adi. Taron baɗi, in Allah ya kai mu, ina roƙon kada a fitar da anko. A zo da rajista da biro, a sake gayyato malamarmu, a ba ta amsar tambayarta. Ni kuma ina da bashin amsa a wani ɗaki a ƙasar Bungudu, wurin wadda har yau ba ta goge lambar ajinta daga kan akwati ba.